Me Ke Cinye Yunit ɗin Mita a Gida da Shago?

Tambaya: Ina da shagon fotokwafi a Kano, kuma tun da aka sa mana mita mai kati a gida da shago, yunit ba ya kai mu ƙarshen wata. Na hana yara barin caja a soket, amma ban ga canji ba. Ina wutar take tafiya?

Amsa: Malam, caja ba ita ce ke cinye maka wuta ba, domin idan ba a jona mata waya ba, abin da take ja bai kai wat ɗaya ba. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya, kuma a jikin kowace na'ura an rubuta wat ɗinta. Da ka duba za ka ga masu cin wuta su ne masu zafafawa da masu sanyayawa: hita, dutsen guga, rishon lantarki da na'urar sanyaya ɗaki, waɗanda galibinsu ke jan wat 1,000 ko fiye. Wannan lissafi ya ƙara nauyi tun watan Afrilun 2024, lokacin da hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin yunit ga masu rukunin A, wato waɗanda aka ware wa aƙalla awa 20 na wuta a rana, zuwa naira 225.

Na'urar sanyaya ɗaki ce na fi so ka sa wa ido. Mutane da yawa suna saita ta a kan digiri 16 da zaton ɗaki zai fi saurin yin sanyi, alhali hakan yana hana injinta hutawa ne kawai. Ka ajiye ta a kan 24 ko 25, ka haɗa da fanka, ka rufe ƙofa da taga, sannan ka riƙa wanke rariyarta, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke toshe ta.

Firji kuwa dare da rana yake aiki. Ka sa takarda a bakin ƙofarsa ka rufe. Idan ta zare ba tare da turjiya ba, robar ta saki, sanyi yana zurarewa. Kada a manna shi da bango, kada kuma a sa masa abinci da zafinsa.

Idan har yanzu akwai tsohon ƙwan fitila mai wat 60 a gidanka, awa 10 a kullum yana cin yunit 18 a wata, yayin da na LED mai wat 9 ba ya cika yunit 3, haskensu kuma kusan ɗaya ne.

A shago, injin fotokwafi yana ɗumama kansa ko da ba a aiki da shi, saboda haka a saita shi ya riƙa shiga yanayin barci, a kuma kashe shi daga soket tare da kwamfutoci idan za a tashi. Domin ka tabbatar, ka rubuta lambar da ke kan mita lokacin rufe shago, ka sake dubawa da safe. Idan ta ragu alhali komai a kashe yake, ka kira ƙwararren mai gyaran wuta ya duba wayoyin.