Bin diddigi ko bin salsala: wanne ya dace da aikin masu binciken ƙwayar cuta?

Wata ɗaliba mai koyon aikin lafiya a Zariya ta turo min saƙo: "Malam, a rediyo ana cewa an yi gwajin ƙwayoyin halitta don a gano daga inda annoba ta fito, amma in na faɗi haka a ƙauye sai a ɗauka gwajin jini ne na asibiti. Wace kalma ta fi?"

To 'yata, sai mun fahimci aikin tukuna sannan mu raɗa masa suna. Kowace ƙwayar cuta irin ta bairos akwai wani rubutu a cikinta da aka jera da haruffa huɗu kacal, na korona ya kai haruffa wajen 30,000, kuma duk sanda za ta hayayyafa sai ta kwafi rubutun nan. Kin san yadda malamanmu na da suke kwafar littafi da hannu, in wani ya yi tuntuɓen alƙalami a baƙi ɗaya to duk almajirin da ya kwafa daga nasa sai ya gaji kuskuren, har in aka jera littattafan a gane wa ya kwafa daga wa. Haka masanan nan suke yi, su karanta rubutun ƙwayar da aka samu a jikin wannan da ta jikin wancan su duba kurakuran da suka yi tarayya.

Shi ya sa ni salsala na fi so. Daga Larabci muka aro ta, silsila wato sarƙa, kuma Bahaushe in ya ce a kawo salsalar wane yana nufin wa ya haifi wa. Bin diddigi kuwa daga diddige ne, wato dunduniya, kamar mai bin sawu, shi ya fi dacewa da ma'aikatan da ke bi gida-gida suna neman waɗanda suka yi hulɗa da mara lafiya. Ki ce musu "an karanta salsalar ƙwayar", wallahi ko tsohuwa za ta gane. Ki ba su misalin shan inna: a watan Agusta na 2016 aka samu yara da ita a Gwoza da Jere a jihar Borno bayan shekara biyu ba a ji ɗuriyarta ba, da aka karanta salsalarta sai ga shi jikar wadda aka gani a Borno tun 2011 ce, ashe ba baƙuwa ba ce, tana nan tana yawo a wuraren da rikici ya hana masu rigakafi shiga.

Wani mai kiwon kaji daga Kano kuma ya tambayi ma'anar "kama da wane ba ta wane", ya ce likitan dabbobi ne ya faɗa masa da kajinsa suka fara mutuwa. Alhaji, ana nufin kamanni ba ya mai da abu ya zama ɗan'uwansa. Kaza ta yi laushi ta sunkuyar da kai, kai ka ce irin ciwon bara ne, alhali yana iya zama murar tsuntsaye, ido ba ya rabewa sai an kai samfur ɗakin gwaji. A Fabrairun 2006 da aka tabbatar da nau'in murar tsuntsaye mai suna H5N1 a wata gona a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, an zaci daga wuri ɗaya ta bazu, da aka karanta salsala sai aka ga aƙalla sau uku daban-daban ta shigo ƙasar.

Akwai kuma wanda ya ce tunda ɓera ne ke kawo zazzaɓin Lassa, shin "in ɓera da sata, daddawa ma da wari" ta hau nan? Ta hau ƙwarai. Karin maganar tana raba laifi ne tsakanin mai ɗauka da wanda ya jawo shi. A 2018 da cutar ta yi tsanani hankali ya tashi, ana tsoron ko sabon nau'i ne mai saurin kama mutum daga mutum, sai masana a asibitin koyarwa na Irrua a jihar Edo da cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta ACEGID ta Farfesa Christian Happi a garin Ede na jihar Osun suka karanta ƙwayoyin marasa lafiyan, suka tarar yawancinsu ba su gaji juna ba, kusan kowa daga ɓera ya ɗauko tasa. Wannan ya dame ni sosai, domin daddawar a nan ita ce garin da muke shanyawa a bakin titi da hatsin da muke bari a buɗe a ɗaki, ɓera ya bi cikin dare ya yi fitsari da kashi a kai, gari ya waye a tuƙa wa yara tuwo da shi.