Amsa ga Hajiya: olsa ce kawai ko ciwon daji ne?

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce ya haura shekara 60, ya daɗe yana shan omeprazole saboda gyambon ciki, yanzu kuma yana ramewa, loma kaɗan ya ce ya ƙoshi, kina tambaya yadda za ki gane ko daji ne.

Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin fibro, wato gwajin leƙa tumbi da kyamara, nan Garwa ta Kamaru, kuma gaskiyar magana a gida ba a ganewa. Raɗaɗin iri ɗaya ne. Omeprazole ma yana kwantar da ciwon ko da daji ne, har gyambon ya fara rufewa, mutum ya saki jiki. Amma ramar nan da saurin ƙoshi ga mai shekarunsa ba abin jira ba ne. Haka baƙin bayan gida kamar kwalta, amai mai yawan dawowa, ƙarancin jini, ko abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji.

Idan an zura kyamara ta baki, gyambo na yau da kullum yakan zama zagayayye, bakinsa sumul, ƙasansa tsaf. Mai daji bakinsa tudu-tudu ne, ba tsari, ana taɓawa sai jini. Duk da haka ido na yaudara. Na sha ganin gyambo mai kyan gani, sakamako ya dawo da daji. Shi ya sa likitan kirki ke tsinko tsoka daga wurare da dama a bakin gyambon a aika ɗakin gwaji, ko da sai an jira ta dawo daga Yawunde. Ki tambaye shi kai tsaye: an ɗauki tsoka? Ki kuma tambayi inda gyambon yake. Na farkon ƙaramin hanji da wuya ya zama daji, na cikin tumbi ne ake sake leƙawa bayan mako 8 zuwa 12 a tabbatar ya warke. Nan ne mutanenmu ke ɓacewa, da ciwo ya lafa shi ke nan.

A gwada masa ƙwayar Helicobacter pylori, ita ke jawo yawancin gyambon, tana kuma cikin masu jawo dajin tumbi, kuma tana da magani. Magungunan ciwon jiki, diclofenac da ibuprofen na masu tebur a kasuwa, ya daina su. Jiƙon kanwa kuwa lallashi ne kawai.

Ranar fibro ya je bai ci komai ba tun dare, ku tafi da duk magungunan da yake sha.