Jaisalmer: ganuwar da har yau mutane ke kwana a cikinta

Tambaya: Malam, zan raka yayana asibiti a Delhi. In ya samu sauƙi ina so mu leƙa Jaisalmer. Me ake gani a can, kuma wane lokaci ya fi?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya. Sai dai ka sani tafiya ce mai nisa: garin na yammacin Delhi, sama da kilomita 700, cikin hamadar Thar a jihar Rajasthan, kusa da iyakar Pakistan. Jirgin ƙasa sai ya kwana a hanya, don haka sai likita ya yarda tukuna.

Sarki Rawal Jaisal ne ya kafa birnin a 1156, ya ɗora ganuwarsa a kan tudun Trikuta. Da rawayan dutse aka gina ta, mai hasumiya 99, kuma da yamma in rana ta yi sanyi sai ka rantse zinariya ce. Arzikinta daga fatake ya zo, kamar Agadas: ayarin raƙuma ya yada zango, sarki ya karɓi kuɗin fito. Da ciniki ya koma tashar ruwa ta Bombay (Mumbai ta yau), aka kuma raba Indiya da Pakistan a 1947, sai hanyar ta mutu.

Abin da ya bambanta ta da yawancin ganuwoyin Indiya shi ne dubban mutane na zaune a ciki. Za ka ratsa ƙofofi huɗu, ka faɗa lungu mai ƙunci: ga shanya a kan katanga, ga saniya ta tare hanya, ga babur na maka hon. Ka tsaya a wuraren ibadar mabiya Jain, wani tsohon addini na Indiya, inda aka sassaƙa dutse har rufi. Sai an cire takalmi da duk wani abu na fata, har bel. A wajen ganuwa kuma kada ka wuce Patwon ki Haveli, gidajen attajiran ƙarni na 19.

Ni dai ba na son baƙo ya kwana a otal ɗin cikin ganuwa. Ruwan da ake zubarwa yana ratsa ƙarƙashin ginin, har wasu sassa sun taɓa rushewa, ga shi UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Ka sauka a gari, ka hau da ƙafa.

Ku je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, da rigar sanyi. Zafin Mayu kan haura digiri 45. Nama kuwa, ka tambaya ko halal ne kafin ka ci.