Tambayoyinku: PowerPoint, PDF ko Bidiyo?

Tambaya: Ni malamin gona ne a Ringim. Na haɗa darasin feshin wake a PowerPoint, da hotuna da muryata, na tura wa manoma ta WhatsApp. Wasu sun ce bai buɗu ba, wasu sun ce babu murya.

Amsa: Malam, wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Fayil ɗin PowerPoint, wato PPTX, na mai haɗa darasi ne, mai kallo ba ya buƙatarsa. Manomi yana jiran fura, kai ka aika masa damin gero!

PPTX, wanda ya zo da Office 2007, ƙunshi ne. Ka canza ƙarshen sunansa zuwa .zip, za ka tarar da hotunanka da muryarka a cikin folda mai suna ppt/media, kowanne daban. Dole sai wayar tana da manhajar da za ta kwance ƙunshin ta jera komai, kuma kowace manhaja da irin karatunta. Wata ta nuna rubutu ta tsallake murya, wata ta jirkita hotuna. Wayar maɓalli kuwa ba ta ma san da zamansa ba.

Ka mai da shi bidiyo, wato MP4. Shiga File, Export, Create a Video, ka zaɓi Use Recorded Timings and Narrations, in ba haka ba muryar za ta zube. Sai ka zaɓi 480p, wato ƙaramin ingancin hoto. Kada 1080p ta ruɗe ka: allon wayar ƙarami ne, data da tsada, sabis kuma sai an hau tudu. MP4 mai tsarin bidiyon H.264 da sautin AAC kusan kowace wayar Android tana cin sa ba tare da an sauke komai ba.

Tun wajen haɗawa, rubutu ya zama manya, layi uku ko huɗu a shafi, darasi kada ya wuce minti uku. In ya yi tsawo a raba shi. Ka tura wa mutum ɗaya a kowane ƙauye, saura su karɓa ta Xender, ko a zuba musu a memori a rumfar masu caji ranar kasuwa. Masu wayar maɓalli a cire musu muryar kaɗai a MP3. PPTX ɗin ka adana shi don gyaran baɗi.

Tambaya: Ni ɗaliba ce daga Kazaure. A kwamfutar makaranta ƙ da ɗ da ɓ sun koma akwatuna.

Amsa: Malama, salon harafin da kika yi amfani da shi babu shi a can. Koma Noto Sans, sannan ki fitar da PDF, shi yana tafiya da haruffansa. Motsin shafuka dai ki haƙura da shi.

Tambaya: Daga Rano. Na yi aiki a manhajar LibreOffice, ta ba ni fayil ɗin ODP. Hedimasta zai iya buɗewa?

Amsa: PowerPoint yana buɗe ODP, amma tsari kan ɗan goce. Yi Save As zuwa PPTX, ka duba shafi-shafi kafin ka miƙa.

Tambaya: Tsohon faifan darussanmu na SWF ya ƙi buɗuwa.

Amsa: SWF fayil ne na manhajar Flash, kuma kamfanin Adobe ya daina tallafa wa Flash ranar 31 ga Disamba, 2020. Buɗe shi da Ruffle, manhaja mai kunna fayilolin Flash, ka naɗi allon kwamfutar yana tafiya, ka ajiye a MP4.