Kamun masunta zai iya nuna yawan kifin da ya rage a ruwa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne daga Yawuri. Na ji ana cewa daga abin da masunta ke kamawa ake ƙiyasta yawan kifin da ke cikin ruwa. Wannan lissafi abin dogaro ne?

Amsa: Ana yin haka, amma ba jimillar kamun ake dubawa ba, don kasuwa na iya cika da kifi kawai saboda jirage sun ƙaru. Abin da ake aunawa shi ne kamu gwargwadon wahalar da aka sha: kilo nawa jirgi ɗaya ya samu a fita ɗaya, ko taru ɗaya a dare ɗaya. In bara kilo 20 ne bana kuma 10, da kayan aiki iri ɗaya, sai a yi zaton kifi ya ragu da rabi.

A zaton nan ne gizo ke saƙar. Masunci ba ya jefa koma ko'ina, inda kifi ya taru yake nufa. Haka ta faru da kifin kod a gaɓar Newfoundland ta Kanada. A shekarun 1980 manyan jirage masu na'urar gano kifi sun ci gaba da dawowa shaƙe, domin ragowar kifin na cunkushewa a wurare kaɗan, su kuma suna bin sa can. Ƙananan masuntan bakin gaɓa sun daɗe suna kukan kifi ya ragu kuma ya ƙanƙance, ba a ɗauki maganarsu da nauyi ba. A 1992 ministan kamun kifi John Crosbie ya sanar da dakatar da kamun kod, mutum fiye da 30,000 suka rasa abin yi.

Kayan aiki ma na canzawa. Fitar mai inji da taru mai ƙananan idanu ba ɗaya take da fitar mai filafili ba, ko da duka "kwana ɗaya" aka rubuta.

Shi ya sa masu bincike ke fita da jirginsu, su yi su da koma iri ɗaya kowace shekara, har a wuraren da masunci ba zai ɓata mansa ya je ba, sannan su gwada da alƙaluman kamun masunta. In a Tafkin Kainji za ka yi aikinka, nemi cibiyar binciken kifi ta tarayya da ke New Bussa. Kuma kada ka tsaya ga nauyi: rubuta irin komar, da watan, da tsawon kifin. Giwan ruwa da karfasa sukan fara ƙanƙancewa tun kafin kilo ya faɗi.