Brisbane ce ta saki wasa, ko Cleary ne ya ƙwace?

Malam, ka tambaya ko sakaci ne ya kayar da Brisbane Broncos a hannun Penrith a wasan ƙarshe na zari-rugar NRL ta Ostireliya a 2023. Haka magoya bayansu ke ta kuka, amma ni ban ɗora musu laifin duka ba. Brisbane na gaba da 24-8 bayan ɗan wasansu Ezra Mam ya ci sau uku, saura kusan minti 20. Da Luai na Penrith ya ji ciwo a kafaɗa aka sako Cogger a madadinsa, sai abokin wasansu Nathan Cleary ya samu sakewa. Shi ya buɗa wa abokin wasansa Leota hanya ya ci, sannan Cleary ya yi bugun 40/20 (dogon bugu daga cikin mita 40 na gidansu, ƙwallo ta taɓa ƙasa ta fita ta gefe a cikin mita 20 na gidan abokan hamayya, sai ta ci gaba da zama a hannun waɗanda suka buga), daga ƙarshe ya ratsa da kansa, aka tashi 26-24. Inda zan kama Brisbane: ƙartin gabansu sun gaji liƙis, tsakiya ta zama hanya.