Kuɗin Likita da Kuɗin Magini

Ɗana, jiya muna cin abinci a inuwar bulo ka yi mini tambaya, na ce ka dakata don motar yashi ta iso a lokacin. Ban manta ba. Ka ji a rediyo likitoci na shirin sake tafiya yajin aiki, sai ka ce: "Baba, mu ke gina asibitin, rana a kanmu, siminti na cin hannunmu. Shi yana zaune ƙarƙashin fanka da biro. Me zai sa ya fi mu samu, har ma ya ce bai ishe shi ba?" Kana faɗa kana buɗe mini tafin hannunka in ga inda ya tsattsage. Na gani. Nawa ya riga naka tsagewa.

Likitan da ke tsaye a kan aikinsa ya cancanci ya fi ni, ya fi ka, kuma abin da ake ba shi a ƙasar nan bai kai haƙƙinsa ba. Ina riƙe da cokalin gini tun Gombe tana ƙarƙashin jihar Bauchi, ban taɓa jin sana'ar nan ta rage mini daraja ba, amma gaskiyar da na sani ke nan.

Ban zo ga wannan ra'ayi da jita-jita ba. Wata damina muna aikin ajujuwa a wani ƙauye ta wajen Kaltungo, wani leburana ya sa hannu zai ɗaga bulo daga ƙasan jeri, kububuwa ta sare shi a bayan hannu. Ƙaramar aba ce, launin ƙasa, ba ta kai tsawon hannunka ba. Yaron ya ce ba komai, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da ɗiban yashi. Kafin azahar dasashinsa ya fara tsiyayar jini, wani ƙurji da ya kusa warkewa a ƙwaurinsa ya buɗe. Ba banza mutanenmu ke kiranta gobe da nisa ba. Muka ɗora shi a babur zuwa asibitin masu saran maciji na Kaltungo.

Likitan da ya karɓe mu matashi ne, a haife na haife shi. Ya ɗebi jinin yaron ya zuba a ƙaramar kwalba, ya ajiye a kan tebur, ya dubi agogo. Minti ashirin cif. Da ya karkata kwalbar sai jinin ya gangaro kamar zoɓo. Ya ce mini jinin mai lafiya da tuni ya daskare, dafin ne ya cinye abin da ke sa shi daskarewa. Ya sa masa maganin dafi ta jijiya, kuma bai tafi ba, ya ja kujera ya zauna kusa da gadon, don shi kansa maganin kan tayar wa wani da jiki har numfashi ya sarƙe. Bayan awa shida ya sake gwajin kwalbar, jini bai kama ba. Ya ƙara magani. Sai gab da asuba ya kife kwalba jini ya tsaya cak a gindinta. Tsakanin nan na ga an shigo da mutum uku, har da wata mata mai goyo da aka sara a gona. Ban ga ya ci komai ba in ban da ruwan leda. Yaron nan yau yana da 'ya'ya huɗu.

A daren na yi tunanin aikina. Ni ma ina gwaji, ina ja igiya, ina duba tsayuwar bango. Amma in na dawo da safe na tarar layi biyu sun karkace, rushewa nake yi in sake. Asarar rabin buhu da rabin yini. In ban gane zanen injiniya ba, ina iya cewa a dakata sai ya zo. In ruwa ya sauko mu rufe siminti mu tafi gida. Shi wancan ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun nan. Rai yake aiki a kai, ba ya jira, kuma ba a rushe shi a sake.

Sai ka duba tsawon hanyar da ya biyo. Shekara shida a jami'a in ba a yi yajin aiki ba, shekara ɗaya ta horo a asibiti ƙarƙashin manya, shekara ɗaya ta bautar ƙasa. In yana son zama ƙwararre a fanni guda, kamar tiyata ko ciwon yara, ya ƙara wasu biyar ko shida yana aiki yana jarrabawa. Kai ka zo wurina kana ɗan shekara goma sha shida, tun makon farko kana komawa gida da ɗan abin sabulu. Nan da shekara biyu in Allah ya yarda zan yaye ka ka fara karɓar aikin kanka. Sa'anka da ya shiga karatun likita har lokacin mahaifinsa ne ke tura masa kuɗin abinci. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Fankar da kake hange kuwa, je ka tambayi ma'aikatan lafiya na Bauchi abin da zazzaɓin Lassa yake yi musu duk rani. Maras lafiya ya shigo da zazzaɓi kamar na kowa, kafin a gane ko mene ne an riga an taɓa shi. A 2014 wata likita a Legas, Dakta Stella Adadevoh, ta hana mutumin da ya shigo da cutar Ebola daga Laberiya fita daga asibiti, ta kamu, ta rasu a watan Agusta na shekarar. Da ta bar shi ya shiga gari, Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya. Ka san nawa gwamnati take biyan likita kuɗin haɗari a wancan lokacin? Naira 5,000 a wata, kuma haka ya zauna har ƙarshen 2021. Yau ko buhun siminti ɗaya ba za ta saya maka ba. Shi ya sa suke ta tafiya Ingila da Saudiyya. Har a 2023 aka kawo ƙudiri a Majalisar Wakilai cewa sai likita ya yi shekara biyar yana aiki a gida kafin a ba shi cikakken lasisi. Ni ban ga hikimarsa ba. Magini ma in ba a biya shi a Gombe ba Abuja yake nufa, kuma babu mai ɗaure shi.

Na taɓa gina wa wani likita gida a Tumfure, ɗaki huɗu da falo. Shekara biyar muka yi. Ya sayi buhu ashirin, mu yi aiki mako guda, mu tsaya sai wani watan. A cikin shekarun nan akwai 'yan kwangilar da na sani da ko firamare ba su gama ba sun gina gida biyu. Don haka ko maganar cewa kowane likita ya fi kowane mai sana'a samu, ba haka take ba.

To, amma akwai inda kake da gaskiya, kuma nan ne nake so ka tsaya ka saurare ni da kyau. Mu ma rayukan mutane ne a hannunmu. A watan Yuli na 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos yara na cikin aji, mutum 22 suka rasu. A watan Nuwamba na 2021 bene mai hawa 21 ya zube a Ikoyi ta Legas, ya kashe sama da mutum 40, galibinsu ma'aikata irina da irinka. Ni kaina ina da tabo. Farkon fitowata daga hannun maigidana, wani mai gida ya ce in buga masa bulo hamsin a buhu ɗaya, tushen katanga kuma kada ya wuce tsawon shebur. Na san ba daidai ba ne, na san ƙasar Gombe yashi ce mai bin ruwa, amma ina tsoron kada ya ba wani aikin. Na yi. A ruwan Agusta katangar ta kwanta cikin gidan da dare, ta kashe awaki biyu. Da na je da safe na ga tabarmar da yaran gidan ke karatun allo a kai tana ƙarƙashin buraguzai. Awa uku ne tsakani. Har yau in na wuce layin nan ƙirjina kan buga.

To in aikinmu na da nauyi haka, me ya sa ladansa ya yi ƙasa? Ba likita ne ya ci rabonmu ba. Ko an rage albashinsa gobe, sisi ba zai shigo aljihunka ba.

Ƙofar likita akwai mai gadi. Akwai hukumar da ke yi masa rajista, yana sabunta lasisi duk shekara, in ya yi ganganci ana iya ƙwacewa. Duk wanda ya shiga wurinsa ya san aƙalla ya bi hanyar. Tamu ƙofar a buɗe take ba ko asabari. Na tuna bayan 1 ga Oktoba 1996, da aka ba mu jiha, aiki ya ɓarke: ofisoshi, gidajen ma'aikata, sababbin unguwanni. Duk wanda ya ɗauki kwanon sarki damina biyu sai ya sayi cokali da igiya ya ce shi birkila ne. Har yau haka muke. Ga kamfanin siminti a Ashaka yana aiki tun 1979, a ƙofar gidanmu, amma wanda zai tsaya ya tabbatar mai kwaɓa simintin ya iya, babu.

Aikinmu kuma ɓoyayye ne. Da zarar an zuba kankare, ba mai ganin rodi nawa ne a ciki, mai milimita 16 ne ko an musanya da mai 12. Da zarar an yi filasta an shafa fenti, bangon kirki da na ha'inci duk fari ne fes. Mai gida ba ya iya bambancewa, don haka sai ya kira mutum uku ya ɗauki mafi araha. Mu kuma sai mu riƙa karya wa juna farashi, wannan ya ce dubu ɗari, wancan ya zagaya da dare ya ce zai yi a sittin, sa'an nan ya fanshe a siminti. Araha ba ta ado, amma sai bayan damina uku ake ganewa, lokacin mai aikin ya daɗe da barin gari.

Ka lura da wani abu. Masu kuɗi suna ɗauko masu tayil da masu silin daga Togo da Kwatano, su biya su fiye da namu, su ba su masauki. Ba takardar jami'a gare su ba. An dai yarda cewa in suka ja layi zai fita a miƙe. Mutanenmu ba su ƙi biya ba in sun tabbatar da abin da za su samu.

Abin da ya kamata ya dame ka game da likita ba yawan kuɗinsa ba ne, tabbacinsa ne. Ƙarshen wata zai zo da wani abu, in ya kwanta ciwo ba a yanke masa, in ya tsufa akwai fansho. Mu aikin jinga muke yi. Ranar da ba ka hau bango ba babu. In ka faɗo daga tsani, taimakon 'yan'uwa ne kawai. Da aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a 2024, ba mu aka yi wa ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kaya suka tashi, ka ga gine-gine nawa suka tsaya a linta ciyawa ta fito a ciki. Ga masu riƙe cikon kuɗin hannu bayan sun tare a gida, kana gaishe su a masallaci suna kau da kai. Wannan duk zalunci ne, kuma ina jin zafinsa fiye da kai. Maigidana da ya koya mini aiki, wanda ya gina gidajen da ba su ƙirguwa a Jekadafari da Bolari, a ɗakin haya ya rasu. Da ƙungiyarmu ta magina za ta tsaya a kan farashi guda, ta buɗe asusun taimakon wanda ya ji rauni, ta hana wanda ba a yaye ba karɓar aikin bene, da mun rage kuka. Likitoci sun haɗa kai ne shi ya sa ake jin muryarsu a rediyo.

Kai kuma ga naka. Akwai jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mataki uku ce, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya. Ina so ka yi ta, ni zan biya maka na farko. Ka koyi karanta zane, kada ka zauna kana jiran a nuna maka da yatsa. Ka iya lissafin kaya, yadda in mai gida ya ce ɗaki kaza, za ka faɗa masa bulo nawa, buhu nawa, yashi tifa nawa, kuma ya fito daidai. Kafin ka zuba kankare ka kira shi ya zo ya ga rodi da idonsa, ya ƙirga, ka ɗauki hoto a waya. Ku rubuta yarjejeniya ko da a takardar littafin makaranta ce, da shaidu biyu. In ya ce ka rage siminti, ka gaya masa abin da zai biyo baya. In ya nace, ka tattara kayanka cikin mutunci. Za ka kwana da yunwa wani lokaci, na kwana. Amma yau aikin da nake samu, rabinsa daga mutanen da na taɓa ƙi wa aiki ne ko waɗanda suka ba labari.

Gobe za mu zuba kankaren rufin benen nan, ka zo bayan sallar asuba. Kai zan sa a kan kwaɓi: buhu ɗaya, yashi kwano huɗu, tsakuwa kwano takwas, kada ka bari leburori su cika ruwa don ya yi musu sauƙin juyawa. Bayan an zuba, shayarwa safe da yamma har kwana bakwai a wuyanka take. Mai gidan zai matsa a cire katakon ƙasa da wuri don kafinta na son kayansa, ka ce masa sai an cika kwana ashirin da ɗaya, in ya yi gardama ka turo shi wurina. Ka kuma biya kanti ka sayi safar hannu ta roba, ka shafa man kaɗanya a tafin nan kafin ka kwanta.